Littafin aljanu ya raba ni da Addata, ga bikinta ya matso

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya jama'a. Don Allah ki sakaya sunana. Ni budurwa ce shekarata 23, a Gombe nake unguwar Pantami, ina da guruf na karatun littattafai a WhatsApp ni ce admin, yawancinmu mata ne. Kwanaki na kawo wani littafi da wata marubuciya take saki kullum feji ɗaya, na kuɗi ne, kuma tana ɗan ba ni wani abu a kan duk wadda ta biya ta hannuna. Labarin wata 'yar masunta ce da aljanun ruwa suka yi wa alama tun tana ciki, da ta girma suka janye ta zuwa birninsu na ƙarƙashin kogi, ga ɗan sarkinsu yana sonta ga wani boka yana nemanta ruwa a jallo. Wallahi Anti ban taɓa karanta abu mai daɗinsa ba, na gaji da labarin kishiya da na ɗan mai kuɗi ya auri 'yar talaka. To Addata, 'yar baffana ce ta girme ni da shekara biyu, tare muka tashi ita ma ta koya min son karatu, tana cikin guruf ɗin. Ta ce littafin shirka ne, kuma ko an ajiye maganar addini bai rubutu ba, jan rai ne kawai da cin kuɗin mutane. Guruf ya rabu biyu aka kwana ana musu, har ta rubuta wai duk mai son littafin nan ya je ya sabunta shahada. Raina ya ɓaci na ce mata a gaban kowa wadda ƙwaƙwalwarta ba ta wuce labarin kicin ba ai ba za ta gane adabi ba. Ta fita, wasu suka bi ta, an yi sikirinshot ya je har wurin Goggonmu, yanzu mun kusa wata ko gaisuwa babu. Bikinta bayan sallah ne kuma ni ce babbar ƙawa amma har yau ba ta turo min anko ba. Ga ƙanwata 'yar shekara 13 ta karanta a wayata a ɓoye yanzu ba ta iya kwana ita kaɗai, Inna ta ce laifina ne. Na turo miki duk fejin da aka saki, ki duba ki gaya min gaskiya, ni ce da laifi ko ita, kuma da gaske karanta irin wannan yana taɓa imani?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanyaya miki. Na karanta saƙonki kuma na zauna na karanta abin da kika turo, kuma tun kafin in yi nisa na gane abin da ya kama ki. Marubuciyar nan tana da basira, wannan kam ba a ja. Wurin da yarinyar ta shiga kasuwar aljanu ta tarar ba a ciniki da kuɗi sai da shekarun rayuwar mutum, mai gishiri ya ce ta ba shi shekara biyu, ni kaina sai da na ajiye wayar na yi jim. Ga Hausarta mai nauyi, ta san taru da koma da fatsa, ta san yadda masunta suke magana a bakin ruwa, ba irin rubutun da rabi Turanci ne ba. Wadda ta ƙoshi da labarin uwar miji da kishiya dole ta ji kamar an buɗe mata taga. Don haka kar wani ya sa ki ji kunyar kin so shi.

Amma Addarki ba shirme ta faɗa ba, kuma ina ganin a ƙasan ranki kin sani, shi ya sa maganarta ta yi miki zafi haka. Daga tsakiyar littafin zuwa inda aka tsaya, duk lokacin da aka ritsa da jarumar sai wani sabon iko ya faɗo mata daga sama, yau zoben da ba a taɓa ambata ba, gobe ashe kakarta ma aljana ce, jibi ta iya ɓacewa. Kinga labarin almara ba ya rayuwa sai da ƙa'ida, dole mai karatu ya san abin da aljanin nan zai iya da wanda ya fi ƙarfinsa, da abin da mutum zai biya in ya nemi taimakonsa, in babu wannan tsoro ya tafi domin ka riga ka san duk ramin da ta faɗa za a jefo mata igiya. Ita kasuwar shekarun nan ma da na yaba, marubuciyar ta manta da ita, yarinya ta sayar da shekaru har yanzu ba mu ga inda abin ya ci ta ba. Sai kuma ja. Feji biyu cur ana siffanta idon ɗan sarki da alkyabbarsa, sannan a yanke daidai inda zai buɗe baki. Wannan ba halin ita kaɗai ba ne, ciwon littattafan waya ne gaba ɗaya, marubuciya tana rubutawa yau ta saki yau, ba mai duba mata, masu karatu suna ta mata magiya a ƙara, kuma iya tsawon labari iya kuɗin da zai shigo. Sai abin ya zama kamar miyar da ta ji nama da kayan ƙamshi amma aka yi ta tsula mata ruwa don ta ishi baƙi. Ke kina jin ƙamshin, Adda tana jin ruwan, kuma duka biyun suna cikin tukunyar.

Wannan musun naku ma ya girme ku nesa ba kusa ba. Tun gasar rubutu ta 1933 da Baturen nan na Hukumar Fassara, Rupert East, ya shirya, wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko na Hausa da aka buga a 1934, an samu iri biyun nan. Ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, cike da abubuwan al'ajabi da aljanu, ga kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, namu na nan Bauchi, wanda ya tsaya a kan rayuwar mutane, bauta da uwa mai neman ɗanta. Duka an karantar da su a makarantu, kuma waɗanda suka rubuta na aljanun ba jahilan addini ba ne, gidan malanta suka fito, shi Bello Kagara har Walin Katsina ya zama. Na kawo miki wannan ba don ki je ki ƙure Adda da shi ba fa, don ki ga cewa wadda ta fi son labarin da ya yi kama da rayuwa ba ƙaramar ƙwaƙwalwa gare ta ba, tana da nata magabatan a adabi kamar yadda kike da naki.

Sai maganar imani, a nan nake so ki natsu don ita ce ta fi nauyi. Akwai abin da ya bambanta almararmu da ta Turawa. Su in sun rubuta labarin dodon da yake aman wuta, daga marubuci har mai karatu babu wanda ya yarda akwai shi, an rufe littafi shi ke nan. Mu kuwa aljani ba ƙage ba ne a wurinmu, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, sura ta 72, sihiri an ambace shi a Baƙara aya ta 102, boka kuma ba a littafi kaɗai yake ba, kowa ta san wata da aka ce ta je wurinsa a kan miji ko kishiya ko haihuwa. To marubucin da ya ɗauko aljani da boka ya ɗauko abin da mai karatu zai iya fita ya nema da ƙafarsa. Tsoron Adda daga nan ya taso, kuma tsoro ne na mai hankali.

Wurare biyu na gani a littafin da nake jin su ne suka tayar mata da hankali. Na farko inda uwar yarinyar ta je wurin boka ya sa ta yanka baƙin bunsuru a bakin kogi, yarinya ta warke, labari ya wuce abinsa ba a sake waiwaya ba. Na biyu inda tsohon aljani ya faɗa wa jarumar ranar da mahaifinta zai mutu kuma aka wayi gari ya mutu a ranar. Na biyun nan kuskure ne tsagwaronsa. Suratu Saba'i aya ta 14 ta ba mu labarin Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya rasu yana dogare da sandarsa aljanu suna ta aikin wahala a gabansa ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi, kuma ayar da kanta ta nuna da sun san gaibu da ba su zauna cikin wannan wahalar ba. Wanda bai san mutuwar da ke gaban idonsa ba ina zai san ta gobe. Na farkon kuwa ya danganta da inda marubuciya za ta kai labarin. Nuna saɓo a cikin labari ba shi ne yarda da shi ba, ai Alƙur'ani ya kawo mana maganganun Fir'auna da na matsafansa. Abin dubawa shi ne wa aka bai wa nasara a ƙarshe, kuma wa ake kira in an shiga uku. In littafi ya ƙare yankan nan ya zama shi ne ya ceci gida kuma ba abin da ya biyo baya, to ya koyar da akasin abin da aya ta 6 a Suratul Jinni ta faɗa, cewa masu neman tsari da aljanu ba abin da suka ƙaru da shi sai ƙarin wahala, ga kuma hadisin Muslim a kan wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, cewa ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. In kuwa yankan ne zai dawo ya zama tushen duk bala'in da yarinyar take ciki, kinga labarin ya zama gargaɗi. Littafin bai ƙare ba tukuna, don haka da ke da Adda duk kun yanke hukunci shari'a tana tsaka.

Amma daga cewa wannan fejin ya saɓa wa aƙida zuwa cewa mata cike da guruf su je su sabunta shahada, akwai tafiya mai nisa, kuma Adda ta tsallake ta da jimla ɗaya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa wanda ya kira ɗan uwansa kafiri to kalmar tana komawa kan ɗayansu. Musulmar da ta karanta labari tana sane ƙirƙira ne, ba ta roƙi aljani ba, ba ta gaskata boka ba, ba a fitar da ita daga addini a guruf ɗin WhatsApp da tsakar dare. In kina son hankalinki ya kwanta sosai ki ɗauki waɗannan wurare biyun kamar yadda aka rubuta su ki kai wa malamar Islamiyyar da ku duka kuke ganin girmanta, kar ki je ki ce mata wai malama karanta littafin aljanu haramun ne, don tambaya dunƙulalliya amsa dunƙulalliya take samu, ki nuna mata ainihin rubutun. In Adda za ta yarda ku je tare bayan kun shirya, ya fi.

To kin tambaye ni wa ke da laifi. Kowa da nasa, amma naki nake so mu duba tunda ke kika rubuto kuma naki ne yake hannunki. Ita ta yi jam'u, ta ce duk mai son littafin, ke kuwa kika ware ta ita kaɗai, yayarki, a gidan da ke ce mai gida tunda ke ce admin, kika ce ƙwaƙwalwarta ba ta wuce kicin ba. Yarinyar da take shirin shiga ɗakin miji kika gaya wa haka, a gaban ƙawayenta da baƙin da ba ta sani ba, kuma ita ce ta fara sa miki littafi a hannu. Ki tsaya ki ji yadda wannan zai sauka a zuciya. Ni ina ganin ba littafin ne ya hana ta turo anko ba, da a ɗaki ku biyu kuka yi musun nan da yanzu kun manta. Magana zarar bunu ce, ta waya kuma ta fi muni don ana ɗaukar hotonta a aje.

Akwai kuma ɗan abin da kika ambata kika wuce da sauri, kuɗin da marubuciya take ba ki. Ba haramun ba ne, dillanci ne, data ma ai ba kyauta ake ba ki ba. Sai dai in 'yan guruf ba su sani ba, ranar da suka sani duk yabon da kika yi wa littafin zai koma talla a idonsu, kuma da Adda ta ce cin kuɗin mutane ne wataƙila shi ya sa kika ji kamar da ke take. Ki faɗa musu da bakinki kafin wani ya riga ki faɗa musu.

Ga abin da zan so ki yi. Cikin satin nan ki shirya ki je gidan Baffa da ƙafarki, ba saƙon murya ba, ba sitatus mai habaici ko mai wa'azin yafiya ba. Ki fara shiga wurin iyaye ki gaishe su yadda kika saba, sannan ki nemi Adda ku keɓe. Ki ambaci ainihin kalmar da kika faɗa ki ce kin yi kuskure ta yafe miki, kar ki haɗa da amma ke ma ai kin ce kaza, wannan amma ɗin ita take ɓata ban haƙuri. Ranar kar ki bari a buɗe zancen littafin sam, in ta jawo shi ki ce Adda wannan mu bar shi sai wani zama, yau zuwa na yi a kan abin da na yi miki. Kar ki sa ran za ta rungume ki nan take, wataƙila ta amsa a ciki-ciki, ba komai, ke dai kin sauke nauyin gabar nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta wuce kwana uku, kuma ya ce wanda ya fara sallama shi ya fi. Da kin dawo gida ki shiga guruf ki rubuta layi biyu ko uku, cewa kin yi wa yayarki maganar da ba ta dace ba a nan kuma kin janye ta, tunda a fili aka ɓata dole a gyara a fili. Ita ma tana da jimlar da ya kamata ta janye, amma ki bar wannan sai zuciya ta yi sanyi, watakila bayan biki, sannan ki gaya mata ku biyu cewa maganar shahadar nan ta yi miki ciwo kuma ta yi wa wasu. Mutum ya fi saurin ganin nasa in an riga an ba shi haƙuri.

In kin je ta ƙi fitowa ko ta ƙi kula ki, kar ki yi zuciya ki ce ai na yi nawa. Tunda magana ta riga ta kai wurin Goggo, ki je ki same ta ki gaya mata komai har da abin da kika faɗa, ba tare da kin gyara shi ba, ki roƙe ta ta haɗa ku. Anko kuma kar ki tambaya, kar ki aika a tambayo miki. Ki shiga hidimar bikin kamar yadda 'yar gida take shiga, wanke-wanke, rakiya kasuwa, zaman lalle, in ta ba wata matsayin babbar ƙawa ki haɗiye, zai yi zafi na sani, amma ke 'yar uwa ce, ba a cire ki daga wannan.

Guruf ɗin shi ma yana buƙatar gyara in ba haka ba littafi na gaba zai sake fasa shi. Ki sa doka ɗaya kowa ta sani, a soki littafi yadda aka ga dama amma ba a taɓa hankali ko addinin mai karatu, kuma dokar ta fara aiki a kanki. Ki ƙara admin ɗaya daga cikin waɗanda ba sa son littafin don kar a ce gidanku ne ku kaɗai. Ki ware rana guda a sati ta sharhi, wadda ta ce bai yi ba ta kawo fejin da take nufi, wadda ta ce ya yi ita ma ta kawo nata, za ki sha mamakin yadda faɗa yake raguwa in an ce kowa ta nuna wurin. Tunda kuma kina da hanyar magana da marubuciyar, ki tura mata abubuwan nan a keɓe cikin ladabi, maganar aljanin da ya san ranar mutuwa da ta yankan da aka bari a buɗe da kasuwar shekarun da ta manta, littafin yana kan saƙa, tana iya gyarawa a gaba ta nuna tsohon aljanin da hannunsa a mutuwar ko ya haɗa baki da bokan, labarin ma sai ya fi haka daɗi. In ta karɓa kin taimaki littafin da kike so. In ta hau ki da faɗa ta ce hassada ce, sai ki sake tunani a kan ci gaba da tallata mata.

Ƙanwarki kuma, Inna tana da gaskiya ko da ba da gangan kika yi ba. Ki sa wa wayarki makulli yau ɗin nan. Ki dawo da ita kusa da ke ta riƙa kwana na ɗan lokaci, ku yi Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi tare kafin barci, ki bar ta ta faɗa miki wurin da ya fi tsorata ta, sannan ki nuna mata wata mata ce take zama da waya tana ƙirƙiro shi kullum, har da kurakuran taifin ɗinta ki nuna mata. Kar a yi mata dariya, kar kuma a fara cewa an shafe ta a gabanta, wannan yana ƙara dasa tsoron. In an ɗau makonni ba ta samun barci ko abin ya fara taɓa cin abincinta da makaranta, ku kai ta asibiti a duba ta.

Abu na ƙarshe, wataƙila Adda ta ce ta yafe amma da sharaɗin ki daina karanta littafin. Kar ki yi mata alkawarin da kika san za ki karya a ɓoye, don ranar da ta gano sabon faɗa ne. Ki ce mata ba za ki ƙara turo mata shi ba, ba za ki ƙara kawo zancensa a gabanta ba, kuma za ki bi abin da malama ta ce a kan wuraren nan biyu. In ta ce ita da guruf har abada, ki ƙyale ta kar ki sake sa ta sai in ita ta nema. Ki rubuto min bayan kin je gidan Baffa in ji yadda kuka yi.